Mahaucin da ya so a zana shi jarumi

Akwai wani mahauci a unguwar Minanata, Maccido sunansa. Mutum ne mai raha, ga wushirya, ga tsokana. Amma da ya buɗe sabuwar rumfa sai kai ya kumbura. Ya tafi Unguwar Rogo wurin Zayyanu mai zanen allon shaguna.

Zayyanu ya ce, "Baba Maccido, duk inda ka je a duniya akwai fuskokin da kowa ke ganewa. Akwai jarumi, akwai uwa, akwai dattijo, akwai mai barkwanci. Kowace sana'a da wadda ta dace da ita. Kai mai barkwanci ya kamace ka."

"Ni za ka mayar wawa? Jarumi nika so! Sa mani ƙirji, sa mani wuƙa."

Zayyanu bai ja da shi ba. Ya zana masa ƙato, idanu jajur, wuƙa a sama, fuska ba annuri. Maccido ya kafa allon yana ta shafa ciki.

To, kun san halinmu. Ba mai sayen nama ya tafi bai nemi gyara ba, ko da guntun hanta ne. Sai mutane suka riƙa zuwa, su ɗaga kai su dubi allo, su zarce rumfar gaba. Nama ya fara kwana, ƙudaje suka samu wurin zama.

Ran nan ya hango Iyatu, tsohuwar da ta daɗe tana ciniki wurinsa, ita ma za ta wuce.

"Inna, mi na yi maki?"

"Kai ba ka yi komi ba, ɗana. Wanga na sama dai. Mai wagga huska, wa za ya ce mashi ya yi gyara? Ina son yatsuna."

Maccido ya ciccibi allon ya koma wurin Zayyanu, murya ƙasa-ƙasa. Zayyanu bai ce masa ai na faɗa maka ba. Ya shafe ƙaton, ya zana Maccido da wushiryarsa a waje, yana miƙo yankan hanta.

Ciniki ya dawo. Sai dai yanzu kowa ya saya sai ya nuna allo ya ce, "Ina tawa hantar?" Maccido ya yi tsaki, ya yanka, yana dariya.

Darasi: Fuskar da Allah Ya ba ka ita ce ke jawo maka mutane, ta aro korarsu take yi. Ku tura wa wani mai kumburin kai, amma kada ku ce ni na aiko ku.