Gashin Shekara Bakwai da Ƙahon Mai

A zamanin da, can cikin ƙasashen Bani Isra'ila, an yi wani sarki wanda Allah ya hore wa komai ban da abu guda, wato yarda da mutum. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. In ka gaishe shi fuska a ɗaure, ya ce akwai abin da kake ƙullawa. Mabuɗan rumbunansa a wuyansa yake rataye su. Wazirinsa, Zakkur, ya yi masa hidima shekara ashirin, amma in ya miƙo masa ruwa sai sarki ya sa shi ya fara kurɓa.

Ana nan sai babban limamin ƙasar ya rasu. A al'adarsu, ba a naɗa babban limami sai an zuba masa wani mai na musamman a ka, daga nan a kira shi shafaffe, ya tsaya tsakanin jama'a da Ubangijinsu. Suna kuma sa rai daga jerin waɗannan shafaffu ne wata rana Almasihu zai fito, shi ne sarki, shi ne limami. Man nan yana cikin wani ƙaho a ɗakin sarki. Masu sanin haɗinsa duk sun mutu, abin da ya rage kuwa na kai ɗaya ne tak. In aka zuba shi a kan wanda bai cancanta ba, jerin ya yanke ke nan.

Ba kowane kai ake shafawa ba, sai na wanda ya yi alwashin keɓe kansa ga Allah shekara bakwai. Aska ba ta taɓa gashinsa, ba ya cin komai na inabi, ko ɗanye ko busasshe, ba ya kuma zama ƙarƙashin rufi ɗaya da gawa, ko ta mahaifinsa ce. In wani ya mutu ba zato a ɗakin da yake, sai ya jira kwana bakwai ya aske kansa, shekarun da ya yi su zube, ya sake farawa daga ranar farko.

Mutum biyu ne suka ɗauki alwashin rana ɗaya tun da tsohon limami ya fara rauni, suka zauna a bukka ɗaya a kan dutse, Malkiya da Yedaya. Da aka kawo su fada, saura kwana uku shekara bakwai ta cika. Malkiya ya kwance rawaninsa, gashi ya zubo har ƙugu, fadawa suka yi ta jinjina kai. Yedaya ya kwance nasa, gashin ko kafaɗa bai kai ba.

Sarki ya dubi Yedaya ya ce, "Ina sauran gashinka?"

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shekara biyu da suka wuce wani falke ya shigo bukkarmu yana neman ruwa. Kafin ya gama sha rai ya yi halinsa a gabana. Na binne shi, na aske, na sake farawa."

"Kai kuma, Malkiya, kana ina?"

"Ranka ya daɗe, ina rafi. Ko da na dawo an riga an rufe kabari."

Sarki ya koma kan Yedaya ya ce, "Haka aka yi?"

Yedaya ya sunkuyar da kai ya ce, "A kan kaina na ɗauki alwashi, ranka ya daɗe, ban ɗauka a kan wani ba."

Wannan amsa ta tada wa sarki hankali. Da aka watse ya kira waziri ya ce, "Mutum ya shiga ɗaki da ƙafarsa, ya fito gawa, babu shaida sai mai gajeren gashi, shi kuma yana ɓoye magana. Wa ya sani ko shi ya kashe shi don kayansa? Ɗayan kuma ya cika tsabta, ni kuwa ba na son abin da ya cika tsabta. Kai ma na ga kana yi wa Yedaya kallon tausayi. Kwana uku na ba ka. In ba ka kawo mini gaskiya ba, Malkiya zai sha mai, Yedaya ya sha takobi."

Waziri ya faɗi ya yi godiya, don a fadar nan ko barazana aka yi maka godiya ake yi.

Ran farko ya aika musu da abinci, ya sa aka daka zabibi, wato busasshen inabi, a cikin miya. Duk su biyun suka shinshina, suka ture akushi. Waziri bai ƙaru da komai ba, sai dai an yi asarar miya mai kyau. Rana ta biyu ya hau dutsen da kansa. Ya ga bukka, ya ga kabarin can ƙasa a gindin dutse, ya auna gangaren da idonsa. Yedaya ɗan siriri ne, hanyar kuwa ko tulu ba a sauka da shi cikin sauƙi. Waziri ya ce a ransa wannan gawa ba mutum ɗaya ya ɗauke ta ba, amma zato ba ya ceton wuyan kowa a gaban wannan sarki.

Rana ta uku da hantsi ya roƙi sarki ya zo gidansa a ɓoye, ya zaunar da shi bayan labulen zaure. Sarki ya yarda, bayan ya sa an duba labulen sau biyu. Waziri yana da wani kawu tsoho tukuf a ɗakin da ke manne da zauren, rufinsu ɗaya. Ya shirya da shi da matan gidan, sannan ya aika a kira Yedaya.

Suna cikin gaisawa sai kuka ya tashi daga ciki. Wata mata ta leƙo tana hawaye ta ce, "Waziri, Kawu ya cika."

Yedaya ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya bi azarar da ido har inda ta shige ɗakin tsohon. Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. A nemo mini wanzami nan da kwana bakwai."

Waziri ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwa, daga ni sai kai a zauren nan. Fita ta baya, ba wanda zai ji."

Yedaya ya ce, "Waziri, wanda na yi wa alwashin ya riga ya ji."

Aka fitar da shi, mata suka share fuska, suka sha ruwa, aka kira Malkiya. Kuka ya sake tashi, har ya fi na farko, don yanzu sun ƙware. Matar ta leƙo ta faɗi abin da ta faɗa ɗazu. Malkiya ya miƙe zumbur, ya dafe gashinsa da hannu biyu, ya duba ƙofa, ya duba taga. Ya kama hannun rigar waziri ya ce, "Ka rufa mini asiri. Yau ce ranar ƙarshe. Ka ce na fita kafin ya cika."

Waziri ya ce, "Irin wannan abu yana ɓoyuwa kuwa?"

"Yana ɓoyuwa mana. Na falken nan wa ya sani? Ni na riƙe ƙafafunsa har gindin dutse, ga shi shekara biyu ba wanda ya tada maganar."

Sai labule ya motsa, sarki ya fito. Ta ɗaya ƙofar kuma tsohon kawu ya fito yana dogara sandarsa, yana tambaya ko mutuwar ta ƙare, don yunwa yake ji.

Malkiya ya zube ƙasa. Sarki ya tambaye shi yadda falken ya mutu, ya ce ciwo ne ya kashe shi, kuma Yedaya ne ya tallafe kansa yana ba shi ruwa. Ya ce shi dai da ya dubi gashinsa na shekara biyar, sai ya kasa aske shi. Ni dai ina jin tausayinsa, don shekara biyar ba kwana biyar ba ce, amma ya so a zuba man ƙarshe a kan ƙarya, a bar ɗan'uwansa ga takobi.

Aka tara jama'a a fada. Sarki ya hukunta a aske Malkiya a gaban kowa, kada a ƙone gashin a bagadi, wurin ƙona hadaya, kamar yadda ake wa na masu cika alwashi, a binne shi kusa da kabarin falken. In yana so ya sake farawa, dutse na nan, amma mai ba nasa ba ne har abada.

Sannan sarki ya ɗauko ƙahon, ya ce wa Yedaya ya durƙusa.

Yedaya ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kawun waziri bai mutu ba, saboda haka shekara biyuna suna nan. Amma saura biyar."

Sarki ya ce, "Ni ne sarki, na yafe maka su."

"Ranka ya daɗe, ba kai nake wa su ba."

 Waziri ya runtse ido, don ya san mutane sun rasa kai a kan abin da bai kai wannan ba. Sarki ya daɗe yana juya ƙahon a hannunsa. Can ya ce, "In ƙahon nan ya ƙara shekara biyar a ɗakina, zan zargi masu shara, in zargi matana, in zargi waziri, daga ƙarshe in zargi kaina." Ya sauko daga gadon sarauta, ya sa ƙahon a hannun Yedaya, ya ce, "Tafi da shi dutse. Ranar da ka ce ta cika, ka kawo."

Yedaya ya hau dutse da ƙahon, sarki bai aika kowa ya bi sawunsa ba. Bayan shekara biyar ya sauko, gashi har ƙugu, murfin ƙahon yana nan yadda aka liƙe shi. Aka aske gashin, aka ƙone shi a bagadi, sarki ya zuba masa man da hannunsa. Da yamma waziri ya kawo wa sarki ruwa, ya kai ƙoƙon bakinsa zai fara kurɓa kamar kullum, sai sarki ya karɓe ya sha.