Dangwalen Matattu

Kwalara ta kashe mutum talatin a Tungar Maje, sai Dije ungozoma ta kai koken neman asibiti gaban kwamitin lafiya na majalisa. Shugaban kwamitin, wakilinsu Onorabul Barau, ya ture takardar yana yatsina.

"Iya, ƙa'idarmu ce, wanda cutar ta kama shi zai dangwala yatsa."

"Ranka ya daɗe, ai suna kabari."

"To, taso su."

Dije ta gyara mayafi. "Ni ban iya ba. Amma bayan mun binne su da wata biyu aka yi zaɓe, kuma duk talatin ɗin sun dangwala maka a rumfarmu. Ara mini wanda ya taso su."

Barau ya wawuro takardar da hannu biyu. "Akawu, karɓi koken Iya!"