Allurar Man Motar Malam Na'Allah

Ku gyara zama, wannan labarin sai da ku zai ƙare.

A Gusau an yi wani mai walda, Malam Na'Allah, wanda ya shekara bakwai yana ƙera mota a zauren gidansa. Wani tsohon hoto ya samu na motar da mahaifinsa ya tuƙa a zamanin Turawa, marar rufi, mai dogon hanci, ya rantse sai ya yi irinta. Ya kuwa yi ta, ya shafe ta da koren fenti, har aka gayyace shi gasar ƙere-ƙere a bajen kolin garin. Sharaɗin alƙalai ɗaya ne: duk abin da ke jikin mota sai ya yi aiki.

Ranar gasar da hantsi ya fita gwaji, zuciyarsa fari ƙal, mutane na ɗaga masa hannu. Bai kai kasuwa ba motar ta yi tari ta mutu, alhali allurar mai na nuna tanki cike. Da turi aka dawo da ita gida. Ga la'asar alƙalai za su zauna. Malam Na'Allah ya dubi 'ya'yansa uku, ya ce, "Duk wanda ya sa allurar nan ta faɗi gaskiya kafin la'asar, motar ta zama tasa."

Babbansu Lawwali direban tirela ne. Ya zura kara a tanki, ya zaro shi a bushe. Sai ya cire wayar da ta fito daga tankin, ya ce wa uban ya murɗa makulli. Allura ta sake tashi ta tsaya a cike. Lawwali ya ce, "Baba, kada ka fasa tankin nan, ba laifinsa ba ne. Wayar ce ke taɓa ƙarfe a wani wuri tsakanin nan da gaban mota." Uban da ya riga ya ɗauko guduma ya ajiye ta. Amma wayar ta bi ta wani matsattsen lungu a ƙarƙashin kujera, hannun Lawwali ya ƙi shiga.

Sai Zinatu, ta biyunsu, wadda tela ce, ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta kwanta a ƙarƙashin motar. Ta rinƙa bin wayar da yatsa kamar mai laluben zare a cikin ɗinki, ƙarfe na yankar ta, har aka yi sallar azahar ba ta fito ba. Can ta ce, "Yaya, ga shi nan. Ƙusar kujera ce ta huda ta." Ta yanke wurin, ta haɗa, ta naɗe da tef. Malam Na'Allah ya murɗa makulli yana murmushi. Allura ta faɗi ƙasa. Aka zuba mai galan biyu, ta ƙi motsi. Murmushin ya ɓace.

Autansu Mudassir, mai gyaran rediyo, duk wannan lokaci yana tsaye yana kallon tankin. Ya ce, "Baba, sau nawa ka shafa masa fenti?" Uban ya ce uku, kuma a kan roba ya ɗora shi don kada ya yi ƙara. Mudassir ya yi dariya ya ce ai wuta ta je tanki ta rasa hanyar komawa. Ya kankare fenti daidai faɗin farce, ya ɗaura 'yar waya daga tankin zuwa jikin mota. Allura ta yi rawa, ta hau a hankali, ta tsaya daidai kwata. Tsohon ya rungume sitiyari, hawaye na zuba.

Sun isa filin gasar ana kiran sunansa karo na biyu. Alƙalai suka sa aka ƙara mai a gabansu, allura ta ƙara hawa, motar ta zo ta ɗaya. Aka rako su gida da kiɗa da guɗa.

A ƙofar gida Malam Na'Allah ya zare makullin, ya dubi Lawwali, ya dubi yatsun Zinatu da ke naɗe da tsumma, ya dubi Mudassir, hannunsa ya tsaya a sama.

To, jama'a, a tafin wa ya kamata ya saka makullin nan?