Maganin Murar Kafinta

Akwai wata mata da duk layinsu ke kira Likita. Ko ƙofar makarantar likitanci ba ta taɓa leƙawa ba. Mijinta kafinta ne ya raɗa mata sunan don tsokana, saboda wani gwangwanin biskit da take tara ragowar ƙwayoyi a ciki. In ka yi tari a gidan, kafin ka rufe baki ta buɗe gwangwani.

Shekara talatin da biyu suna tare. Yana da hawan jini, kuma ita ce ke miƙa masa ƙwayarsa kowace safiya.

Wata rana mura ta kama shi, hanci ya toshe kamar an liƙe da gam. Ga shi yana haɗa gadon jariri, don 'yarsu ta kusa sauka.

"Likita, yau asibitin naki yajin aiki yake? Ko ƙamshin katako ba na ji."

"Ka dai iya baki. Bari in dawo."

Babu na mura a gwangwani, sai ta nufi kemis. Mai kemis ta ɗauko kwali, amma ba ta miƙa ba.

"Mama, wa zai sha? Yana da hawan jini ko ciwon zuciya?"

Nan ran Likita ya ɓaci. Sa'ar autarta ce za ta titsiye ta kamar a kotu?

"Ni zan sha, kuma lafiyata ƙalau. Miƙo."

Da ta dawo gida ta ba mijin ƙwaya biyu maimakon ɗaya, wai ya yi saurin warwarewa. Da rana ta ƙara biyu. Hanci kuwa ya buɗe.

"Kai, hannunki da albarka! Sai dai zuciyata na dukan uku-uku, kamar ranar da na fara ganinki."

Ta yi dariya ta ce, "Tsufa dai bai hana ka ba."

Tana wanke-wanke da yamma ta ji guduma ta yi shiru. Ta leƙa rumfar aikinsa, ta same shi kwance cikin garin katako, baki ya karkace.

A asibiti likita ya juya kwalin ya ce, "Irin wannan yana kwaikwayon abin da jiki ke saki idan mutum ya firgita. Yana matse jijiyoyin jini, shi ya sa hanci ke buɗewa. 'Yan'uwansa muke ceton masu asma da su. Amma ga mai hawan jini yana iya cilla jinin sama. Ba a tambaye ki ba da za ki saya?"



Jika ta zo duniya, a katifa take kwana. Gadon na nan a rumfa da ƙafa uku.

Kafinta ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi. Kalma ɗaya ta rage masa. Duk sanda ta kawo cokali bakinsa, sai ya dube ta da rabin murmushi ya ce, "Likita."

Ita kuwa sai ta juya fuska ga bango.

Darasi: 'Ya'yana, tambayar mai magani ba raini ba ce. Ku faɗi gaskiyar wanda zai sha, kada ku ninka ƙwaya don gaggawa, kuma mai hawan jini kada ya taɓa maganin mura sai ya tambaya. Ku tura wa duk mai gwangwani a gida, kun san su.