Faifan da Ya Farka da Kansa

To jama'a, ku gyara zama, yau da shari'a na zo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba. Ni dai tun da labarin nan ya shiga kunnena nake jinjina ikon Allah.

Haladu mai gyaran keke ne a wani gari na bakin kogi. Shekara goma sha ɗaya da aure bai ga ƙwansa a duniya ba, sai a ta sha biyu matarsa Hansai ta samu ciki. Wata Juma'a da hantsi, tsakiyar damina, ta haifi 'ya mace a asibitin garin. Albishir bai gama isa gida ba jini ya ɓalle mata. Likita ta fito ta same shi ta ce, "Malam, jinin matarka mai wuyar samu ne, kuma babu irinsa a firjinmu. Amma muna da sunayen masu irinsa da lambobinsu a kwamfuta. Ka yi ta addu'a, lokaci ya ƙure mana."

Ashe da safiyar nan an yi wata tsawa, wuta ta ɗauke, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan asibitin, wadda ma'aikata ke ce wa saba, ta mutu tana tsakiyar aiki. Masu kula da ita mata uku ne, Saudatu da Ramlatu da Atika, aminan juna. Ina suke? Sun ɗinka anko sun tafi kai amarya ƙetaren kogi, ƙauyen da ko sabis babu. Kai, mata da biki! Ko ɗaya ba ta iya haƙura ta zauna ba.

Haladu ya bi wani nas har ƙofar ɗakin sanyin da na'urar take. Nas ɗin ya ce, "Wallahi ni kunnawa kawai na iya." Da aka tayar da janareto ya danna. Na'ura ta yi gurnani, sai ga jan rubutu: faifan ajiyar bayanan da ke cikin aiki ya hargitse, ba ya karantuwa. Haladu bai iya boko ba, amma ya karanta fuskar nas ɗin tsaf, ya durƙusa a ƙasa. Yana nan durƙushe, babu wanda ya taɓa komai, sai wata 'yar fitila can ƙasa ta kawo kore, sunaye suka jeru reras. Nas ya ce, "Allahu akbar!" A cikin sunayen akwai Barau mahauci, rumfarsa ko tafiyar minti biyar ba ta kai ba. Ya zo da gudu ko hannu bai gama wankewa ba, aka ɗebi jininsa, kafin la'asar Hansai ta buɗe ido ta tambayi 'yarta.

A nan Haladu ya rantse a gaban mutane: duk wadda ta yi sanadin tashin faifan nan, sunanta zai sa wa jaririyar. Da 'yan biki suka dawo ranar Lahadi, jikinsu a sanyaye don kunya, ya bi diddigi, kuma ga abin da ya samo.

Saudatu ce ta kafa tushe, shekara biyu da suka wuce. Ta iske bayanan gari guda a kan faifai ɗaya tal, hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka gaji da ganinta aka kawo na biyu. Ta haɗa su tagwaye, duk abin da aka rubuta a wannan, nan take ya fito a wancan, kamar fuska a madubi. Shi ya sa ma suke kiran tsarin madubi. Ba don nacinta ba, da tsawar nan faifai ɗaya za ta samu, ta gama da shi, magana ta ƙare.

Ramlatu kuwa ta lura da aibin madubi: in fuska ta ɓaci, madubi ma ɓatacciyar zai nuna. In faifai ya rikice yana haɗe da ɗan'uwansa, tare za su rikice. Don haka duk Alhamis sai ta raba su, ta daskarar da na biyun yadda yake, sai Litinin ta sake haɗawa. Alhamis ɗin nan mota na ƙofa, direba na ta danna hon, ƙawaye na ce mata, "Ke Ramlatu, mako ɗaya ba zai kashe kowa ba!" Ta ce su tafi su bar ta in sun ga dama. Da lalle a hannu ta zauna ta raba madubin. Barau kuma a ranar Laraba ya zo aka gwada jininsa aka rubuta sunansa, don haka ya shiga cikin abin da ta tsame.

Atika ita ce marar surutu a cikinsu. Ta gano cewa faifan da aka ware, in na'ura ta mutu aka sake kunna ta, barcinsa yake ci gaba da yi, sai wanda ya san kan aikin ya tashe shi da hannu. Ta tambayi kanta, to ranar da ba ma nan fa? Ta shiga jerin umarnin da na'urar ke bi in ta farka, ta ƙara layi uku: a nemo faifan da aka ware, a ɗora shi, a buɗe shi don karatu kawai. Ta gwada sau bakwai, tana kashewa tana kunnawa, sannan ta tashi ba ta ko faɗa wa kowa ba. Ba don layukan nan ba, da sunan Barau na kwance lafiya lau a cikin ƙarfe, Hansai na ƙarewa a ɗakin da ke kusa.

Haladu ya yi kwana biyar yana juya maganar. In ya tsaya a kan ɗaya, sai ya ga biyun sun tsare shi da ido. Kuma kada wani ya ce mini Barau, namiji ne, an riga an ware masa cinyar rago. Kada kuma a ce a haɗa uku, rantsuwar suna ɗaya ya yi.

Ga Juma'a ta zagayo. An raba goro, rago na ɗaure, Hansai na ɗaki rungume da 'yarta, matan nan uku na zaune a gefenta. Liman ya sunkuyo, ya miƙo kunnensa ga bakin Haladu ya ce, "Malam, wane suna?"

To, ku da kuke zaune, wacce zai raɗa: Saudatu da ta yi madubin, ko Ramlatu da ta raba shi, ko Atika da ta koya masa tashi ranar da babu kowa?