Miyar Taushen Mamaci

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ko sanyi ya ɗaure muku baki? Yauwa, ta zo mu ji ta.

A wani gari ne aka yi Bushiya da mijinta, wani dattijo ana ce masa Ɗanƙaya. Damina ta zo gangara, sai marka ta sauka. Gari ya yi duhu, yayyafi ya ƙi ɗaukewa, rana kuwa sai labarinta. Sai masassara ta kwantar da Ɗanƙaya. Ko kunu aka ba shi sai ya kau da kai, har ya rame ya zama abin tausayi.

Rannan da hantsi ya ce, "Uwargida, yau miyar taushe nake marmari. In na sha ta da zafinta, ina jin zan tashi."

Bushiya ta yi murna kamar ta taka rawa. Ta zaga bayan ɗaki ta tsinko kabewarta, ita ke nan guda. Ta yanko alayyafo da yakuwa, ta soya 'yar gyaɗar da ta rage. Ta yi ta fama da jiƙaƙƙen itace har wuta ta kama, ta ɗora tukunya.

Tana feraye kabewa sai ga Biri ya zo dubiya. "Sannu Baba, ya jiki? Kai! Me zan gani? Kabewa ga marar lafiya? Ai tsohon ciwo take tayarwa. Kakana ita ta kai shi kushewa. Kawo in fitar muku da ita daga gidan nan."

Bushiya ta ji kunyar musu da mai dubiya. Biri ya saɓa kabewa ya tafi.

Tana yanka ganye sai ga Akuya. "Sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne. Ke 'yar'uwa, yakuwa ga mai zazzaɓi? Tsami fa! Alayyafon ma sanyi gare shi, ga gari a jiƙe. Don dai ina ƙaunarku ne." Tana magana tana taunawa, kafin ta kai ƙofa faifai ya koma wayam.

Tana daka gyaɗa sai ga Kurege. Ya je ya gwale idon Ɗanƙaya, ya girgiza kai. "Ciwon shawara ne. Maiƙo ko ɗigo kada ya taɓa harshensa." Ya kwashe turmi tas, har da lashe taɓarya.

Ku dai kun san garin nan namu, kowa likita ne in ciwon ba a jikinsa yake ba.

Sai Bushiya ta kai wa mijinta ruwan zafi da gishiri da daddawa. Ya leƙa akushi, ya ga fuskarsa a ciki. Ya ce, "Ina miyar?"

Ta ce, "Maigida, masu dubiya sun ce za ta kashe ka." Sai ta fashe da kuka, don ta san yunwa ce ke shirin ƙarasa shi.

Ɗanƙaya ya ce, "Share hawayenki. Tunda mai rai ba ya shan miya a garin nan, fita ki ce na mutu."

Ya dunƙule, ta lulluɓe shi da zane, ta fita ta kwarma ihu. Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Aka ce a haƙa kabari, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Aka ce to a jira ya ɗauke.

Sai ga Biri da kabewa biyu a ka, ya bi ta tsakiyar jama'a don kowa ya gani. "Ga gudummawa, a yi wa mamaci sadaka. Uba ne a wurina!" Sai ga Akuya da dami guda na ganye, tana kuka har da majina. Sai ga Kurege da kwanon gyaɗa, yana cewa shi ne na ƙarshe da marigayi ya yi wa murmushi.

Bushiya ta karɓa ta yi godiya. Ta dafa kabewa har ta yi lugub, ta dama ta da ludayi. Ta zuba gyaɗa, da tattasai da attarugu da albasa, ta jefa daddawa. Da miya ta yi kauri ta watsa ganye, ta tuƙa tuwo. Ƙamshi ya cika gida, masu makoki suka manta da kuka.

Biri ya fara kai loma. Ya lumshe ido ya ce, "Wannan miya ko matacce aka ba sai ya tashi!"

Akuya ta ce, "Ke kuwa baiwar Allah, me ya hana ki yi masa irinta tun yana da rai?"

Kurege ya ce, "Sakaci ne. Ni da na dube shi, yunwa na gani a idonsa."

Sai zane ya motsa. Ɗanƙaya ya miƙe zaune ya ce, "Uwargida, kin ji abin da likitoci suka ce. Miƙo tukunyar."

Mutane suka watse cikin ruwa, wani ko takalmi bai ɗauka ba. Amma su ukun nan ba su gudu ba, don idonsu na kan tukunya. Biri ya gyara murya ya ce, "Baba, barka da dawowa. Sai dai fa kabewa ba ta dace da wanda bai daɗe da tashi daga mutuwa ba. Kawo in…"

Ya miƙa hannu. Ɗanƙaya ya rungume tukunya ya dunƙule, ƙaya ta miƙe ta ko'ina. Biri ya kurma ihu yana yarfa yatsu. Daga ciki kuwa ba abin da ake ji sai ƙarar shan miya. Ya sha har ya yi gumi, masassara ta sake shi.

Shi ya sa har gobe, in ka tunkari bushiya, tun ba ka buɗe baki ba, za ta dunƙule. Ku kuma yara, in kun je dubiya, ku ce sannu, ku yi addu'a, ku bar wa marar lafiya tukunyarsa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓeran da ya makara bai samu ko suɗi ba.