Rufin da Ya Tona Asirin Mai Awo

Ya 'yan uwa, a nan Wudil an yi wani mutum, kafinta, mai rufin kwano. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

Ya iya aikinsa, wannan ba a ja masa. In ka kira shi gininka, zai auna tsawo da faɗi, ya ƙara na gangaren rufi, ya ƙara na bakin da zai fito ya kare bango daga ruwa, sannan ya gaya maka bandir nawa na kwano za ka saya, katako nawa, ƙusa nawa. Kai kuwa sai ka ce to. Me ka sani? Wa ya taɓa hawa rufinsa ya ƙirga?

Nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Inda bandir huɗu zai isa, sai mutumin nan ya ce biyar. In ya hau sama kuma, sai ya rage gangaren, ya datse bakin rufin, ya buɗa tsakanin katako da katako, kwanon da ya kamata ya hau kan ɗan uwansa sosai sai ya bar su suna gaisawa da kyar. Abin da ya ragu ya bi shi gida a kura, wai sunansa ragowa. Ragowa! Kai ka ƙirƙiro ta da bakinka tun wajen awo, sannan ka ce ragowa?

Da wannan ragowar ya rufe gidansa. Shuɗi daga wancan, ja daga wannan, kore daga wata. Ya ja katangar gidan ta zarce rufin, yadda mai wucewa ba zai ga komai ba. Ran Juma'a ya sa farar riga ya shige sahun gaba.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyen Achika, Lubabatu, mijinta ya rasu, tana riƙon jikarta marainiya, Sakina. Rufin ɗakinta na ƙasa ya gaji, ta sayar da awakinta ta sayi koren kwano daidai yadda ya ƙiyasta mata. Ya rufa ɗakin, ya bar bangon tsirara, bakin rufin bai fi tafin hannu ba. Damina ta sauka, ruwa ya yi ta dukan bangon yana jiƙa shi har gindi. Wata ranar malka da hantsi bangon ya kwanta a kan Sakina. An zaro ta da rai, amma ƙafar ta karye, har yau da ɗingishi take tafiya.

Kun san abin da ya yi? Ya je jaje. Ya tsuguna gaban tsohuwar nan, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sannu Iya, sai haƙuri. Ƙaddara ce, bawa ba ya wuce ta."

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin raina ɓaci yake yi. Ka saci abin marainiya, ka karya mata ƙafa, sannan ka ɗauki laifinka ka jingina wa Ubangiji? Wace irin zuciya ce wannan?

Ya koma gida hankalinsa kwance. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada a hango rufinsa.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Maƙwabcinsa Garzali ya fara gina bene, zai zuba ɗaliban jami'a haya. Kullum bulo yana hawa, mutumin nan yana kallo. Da ya ga ginin ya kusa zarce katangarsa, sai ya sayo fenti don ya shafe rufin ya zama launi ɗaya. Bai yi tunanin tuba ba, bai yi tunanin mayar wa kowa haƙƙinsa ba. Fenti ya sayo! Ya jira safiyar Juma'a, magina ba sa aiki, jama'a sun tafi kasuwa, ya kafa tsani ya hau.

Abin da ya manta shi ne, katakon da ke ƙarƙashinsa ma ragowa ne, guntaye da ya harhaɗa da ƙusa. Hannun da ya saba buɗa tsakani a gidan mutane kuwa bai daina ba da ya zo nasa. Ya taka tsakiyar rufin, katako ya ce ƙaras, kwano ya rufta da shi har ƙasa. Bayansa ya taɓu. Likitoci sun yi iya yinsu, aka dawo da shi gida a kwance, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi.

Wasu daga cikin waɗanda suka kawo ɗauki ranar sun hau ginin Garzali don su ga ta inda ya faɗo. Suka ga rufi kamar rigar mahaukaci, faci a kan faci, fenti bai ci ko kusurwa ɗaya ba. Kafin la'asar magana ta gama gari. Daga nan dubiya ta zama biyu. Mutum ya shiga ya ce masa sannu, ya fito ya hau benen Garzali ya nemi launin kwanonsa.

Lubabatu ma ta zo. Ƙafarta ba ta iya hawa, Sakina ce ta ja tata ƙafar ta hau. Da ta sauko ta ce, "Kaka, korenmu yana nan, daidai saman ɗakinsa."

Tsohuwa ta shiga. Yana kwance yana kallon ramin da ya faɗo ta ciki, an toshe shi da leda. Da ya gan ta hawaye ya zubo masa, ya buɗe baki zai yi magana. Ta riga shi.

"Sannu Malam, sai haƙuri," in ji ta. "Ƙaddara ce."

Ta kama hannun jikarta suka fita.

Ya 'yan uwa, kun zaci tauye mudu sai a kasuwar hatsi? Duk wanda aka miƙa wa awo aka ce faɗi, mudu ne a hannunsa, ko kafinta ne, ko magini, ko tela. Mai gida ba ya hawa sama ya ƙirga, gaskiya ne. Amma katangar da ka ja ta tare idon masu tafiya a ƙasa ne kawai. Wanda ke sama da rufin bai taɓa daina kallonsa ba.

Wanda ya san akwai kwanon wani a kansa, ya sauke shi ya mayar tun ƙafarsa tana iya hawa tsani.

Allah ya kiyaye mu da kwana a ƙarƙashin haƙƙin mutane, ya ba mu ikon mayarwa kafin a zo karɓa. Amin.